Kiɗan Yatsu Bakwai na Malama Bong

Kafin a buɗe shagon wainar shinkafa da ke ƙasan benen, Malama Bong Ok-sun ta riga ta hau sama. Haka mutanen layin nan na garin Masan suka saba ganinta fiye da shekara talatin, 'yar guntuwar tsohuwa da jakar leda cike da takardun kiɗa, tana hawan matakala tana faɗa da gwiwarta. In ta shiga sai ta ɗora shayin sha'ir, ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi har yatsun su saki, sannan ta buɗe fiyano. Sassafen nan nata ne, lokacin da take tsara kiɗa ke nan. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin, ko magajin gari ne, sai dai ya nemi wuri a matakala ya zauna.

A watan jiya ta ajiye aikin koyarwa, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba. In aka bar ta da halinta, ko sunanta ba za ta yarda a buga ba.

Ba rashin wurin zuwa ne ya zaunar da ita a saman shagon waina ba. A Seoul, babban birnin ƙasar, ta yi karatun kiɗa, ta ƙaro a Jamus, tun tana budurwa manyan ƙungiyoyin makaɗa suka kaɗa abin da ta rubuta. Abokan karatunta yau furofesoshi ne, hotunansu na jikin bangon manyan zaure. Ita kuwa ciwon mahaifinta ne ya dawo da ita gida, da niyyar shekara ɗaya. Tana cikin wannan zaman, tana kaɗa wa wata ƙungiyar mawaƙan unguwa fiyano, sai wata mata mai aikin sarrafa kifi ta tsaya a gefenta bayan an tashi. Inji ya cinye mata yatsu biyu. Ta daɗe tana kallon madannan fiyanon, sannan ta ce, "Malama, wai duk kiɗan duniyar nan na masu yatsu goma ne?"

Malama ta ce mata ta dawo bayan mako biyu. Tun daga ranar ba ta ƙara maganar komawa Seoul ba.

Masan gari ne na masana'antu da tashar jiragen ruwa, kuma inji ba ya jin magiya. Masu guntun hannu da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ba a rasa su a kowane layi. Duk wanda ya zo, Malama takan ɗora hannunsa a kan farar takarda ta zagaye shi da fensir, yadda mai ɗinkin takalmi ke auna ƙafa. Sai ta sa shi ya danna nan, ya miƙa can, ta tambayi inda yake masa zafi. Bayan nan ta zauna ta rubuta kiɗan da wannan hannun kaɗai zai iya. Kuma ba kiɗan rarrashi take rubutawa ba. Inna Nam mai wainar shinkafa, wadda rufin shagonta shi ne daɓen ajin, ta ce mini, "Ni nake shan wahalar ai. Akwai wani direban tasi da hannunsa na dama ya mutu, wata uku yana maimaita layi ɗaya a kaina, har a mafarki nake ji. Na hau na ce, Malama, ki sassauta wa bawan Allahn nan mana. Ta ce da ni, 'Hannunsa ne ya mutu, kunnensa lafiya lau yake.' Na sauko da ƙafata."

Ke ce kika ƙi yarda a ba nakasasshe ragowar kiɗa, Malama. Tela mai ɗinki daidai jiki, wadda ba ta san yayi ba.

A cikin duk waɗanda ta auna, babu wanda ya ba ta wuya kamar Do Sang-gil. Yana saurayi shi ke kaɗa ƙaramin molon iska na cocinsu, mai madannai irin na fiyano, har ranar da injin matse ƙarfe ya ɗauke masa yatsu uku na tsakiya a hannun dama, ya bar masa babban yatsa da ƙarami. Tun da ya fito daga asibiti hannun nan ya shiga aljihu, kusan shekara ashirin bai fito a gaban mutane ba. Da hagu yake karɓar canji, da hagu yake miƙa wa dattijo kofi, alhali ko yaron goye ya san da hannu biyu ake miƙa wa babba abu. An sha zaginsa a kan haka, an ce ba shi da tarbiyya. Sang-gil ya gwammace a kira shi mara kunya da a dubi hannun a tausaya masa.

'Yarsa Hae-won yake rakowa darasi tana ƙarama, ya tsaya a bakin ƙofa. Wata rana Malama ta lura yatsunsa na hagu suna bin kiɗan a kan cinyarsa, kuma inda yarinyar ta yi kuskure, shi bai yi ba.

"Baban Hae-won, wa ya koya maka?"

"Ba kowa, Malama. Ƙaiƙayi nake ji."

"Ƙaiƙayin naka ya fi 'yarka iya kiɗa. Fito da ɗayan in gani."

Ya ɗauki 'yarsa ya tafi, wata biyu ba su dawo ba. Malama ta bi shi har wurin ajiye motocin da yake gadi, ta tsaya a gaban ɗan ɗakin gadin nasa, ta ce ita fa ba ta da aikin yi ranar, tana nan. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin kada kowa ya gani. Abin da ta yi nan shi ne Inna Nam ba ta daina mamakinsa ba har yau: sassafen nan da ko magajin gari ba ya samu, shi ta yanka ta ba Sang-gil.

Babban yatsa da ƙarami su ne gefe da gefen hannu, don haka suna iya kama sauti biyu masu nisa a lokaci guda. A kan wannan ta gina kiɗansa. Hagu yana ta aikin ƙasa kamar ruwan tasha, dama kuma yana tsalle daga wuri zuwa wuri da sauti bibbiyu, kamar jiragen ruwa na amsa wa juna. Tunda babu yatsun tsakiya da za su haɗa masa hanya, dole ya ɗaga hannun dungurungum a kowane tsalle, sai ɗan numfashi ya shiga tsakani. Ba ta ɓoye numfashin ba, da shi ta yi kiɗan. Shekaru ya yi yana kaɗa shi, kuma bayan ita sai Inna Nam ta cikin rufi, babu wanda ya taɓa ji.

Da zauren al'adu na unguwa ya shirya mata taron ban kwana, aka ce ta zaɓi abin da za a kaɗa. Ɗalibanta duk suka amsa, har da direban tasin. Ta ce kiɗan yatsu bakwai ne zai rufe taro, domin a cikin duk abin da ta rubuta a rayuwarta, har da na Jamus, shi ne ba ta jin kunyarsa ko kaɗan. Sang-gil ya ce atafau ba zai yi ba.

"Malama, mun yi alkawari."

"Mun yi, kuma ban karya ba. Tambayarka nake."

"To na amsa. A gaban mutum ɗari uku? Su zo kallon ƙaguwa tana tafiya a kan fiyano?"

"In ƙaguwa ta iya wannan kiɗan, ni da kaina zan sayi tikiti. Baban Hae-won, da bazara za a ɗaura wa 'yarka aure. Da hannu a aljihu za ka gaisa da surukanka?"

Ya tattara takardunsa, ya ce shi dai a bar shi.

Darakta Yuk, shugaban zauren, mutumin kirki ne, kuma shawarar da ya kawo ba ta banza ba ce. Ya samo wata matashiyar gwanar fiyano daga Busan, ta koyi kiɗan cikin kwana kaɗan, ta kaɗa wa Malama shi sumul, babu tangarɗa. Malama ta yaba mata sosai, ta ce hannunta na da kyau, ta yi mata alkawarin wani kiɗan nata na kanta. Sannan ta juya ga Darakta ta ce a'a.

"Haba Malama, me ya rage? Ko sauti ɗaya ba ta ɓata ba."

"Numfashin ya rage. Ita in ta tsaya, ado ne. Shi in ya tsaya, hanya yake nema. Rigar wani ce, Darakta."

"To in bai zo ba fa?"

"Sai mu zauna."

Darakta ya ɗauka wasa take yi.

Ranar Asabar da la'asar zaure ya cika. Ɗalibai suka yi ta hawa suna sauka, wata na'ura tana haska hannuwansu a kan babban allo a bayan dandamali, yadda na kujerar ƙarshe ma zai gani. Sang-gil ya zo, amma a layin baya ya zauna da matarsa, cikin rigar gadinsa. Da aka zo ƙarshe, Malama ta fito ta rusuna, ta ce, "Saura kiɗa ɗaya. Yana da mai shi. Ban sani ba ko yana nan, amma zan ɗan jira." Ba ta ambaci suna ba, ba ta dubi layin baya ba. Ta ja kujerar mai juya takarda, ta zauna a gefen fiyano, ta bar bencin babu kowa.

Ina cikin zauren, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci da ita a lokacin. Na ce tsohuwar nan ta wuce gona da iri. Mutane suka fara tari, kujeru na ƙara, Darakta Yuk yana leƙowa ta bayan labule yana share gumi. Malama kuwa ta ɗora hannuwanta a cinya kamar mai jiran motar haya. Daga baya ta gaya mini da bai taso ba, da ta rufe fiyanon ta yi wa mutane godiya, kuma babu wanda zai taɓa jin sunansa daga bakinta. Kiɗan ne dai za a rasa, ta kuma shirya rasa shi.

Sang-gil ya ce abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne gwiwarta, domin ya san kujerar nan ba ta da kirki. Yana ta zufa, hannun na cikin aljihu ya dunƙule. Can matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Baban Hae-won, tashi mana. Ka san halinta, a nan za mu kwana. Na bar miya a gida."

Ya tashi. Hanyar daga layin baya zuwa dandamali ba ta da tsawo, amma ya ce bai taɓa tafiya mai nisanta ba. Ya hau, ya rusuna, ya zauna a benci, hannun yana aljihu har yanzu. Darakta ya lallaɓo ya raɗa masa cewa za a kashe allon. Sang-gil ya ɗaga kai ya dubi allon, inda fararen madannai ke jira, kowanne ya kai girman ƙofa.

"A bar shi," in ji shi.

Ya zaro hannun ya ɗora. Mutum ɗari uku suka ga yatsu biyu da tabon da ke tsakaninsu. Wata mata a gabana ta ja numfashi da ƙarfi, na kuma tabbata ya ji. Ya fara, tsalle na uku ya zame, ya tsaya cak. Malama ba ta ko juyo ba, ta ce da muryar aji, "Daga farko." Wasu suka yi dariya, shi ma ya yi, kuma dariyar ce ta sake shi. Ya koma daga farko, bai ƙara tsayawa ba sai inda aka rubuta masa ya tsaya. Ban san kiɗa ba, amma duk lokacin da hannun nan ya tashi sama yana neman wurin sauka, sai na ji ni ma na riƙe numfashina, in ya sauka daidai kuma sai zauren gaba ɗaya ya saki nasa. Na yi kuka, kuma ba tausayi ne ya sa ni ba.

Da ya gama, zaure ya miƙe tsaye. Hae-won tana ta kiran "Baba! Baba!" kamar 'yar shekara biyar. Da ya sauko mutane suka yi layi don gaisawa da shi, ya miƙa musu hannun dama, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Malama ta bari aka watse, sannan ta matso tana ɗingishi.

"Ka yi gaggawa a tsakiya," in ji ta.

"Na sani, Malama."

"To. Ban da wannan, ya yi." Ta juya da sauri tana neman jakarta, alhali jakar na rataye a hannunta.

Malama Bong, ke ce kika ajiye manyan zaure kika zaɓi ɗaki a saman shagon waina, kuma ba mu taɓa jin kin kira shi sadaukarwa ba. Ke ce kika yarda mafi kyawun aikinki ya mutu ba a ji shi ba, da a raba shi da mai shi. Kin yi mana tsauri, kin hana mu tausayin da ba ya tsinana komai, kuma mun gode.

Ku kuma masu sana'a a hannu, likita ne kai ko kafinta, malamar makaranta ce ke ko mai ɗinki, akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofarku ya ɓoye abin da yake jin kunya. Ku lura da shi yadda ta lura, ku bi shi in ya gudu, in kuma ya ce ba zai iya ba, ku ja kujera ku jira shi. Allah ya ƙara miki lafiya, Malama, ya sassauta miki gwiwar nan. Masan ba za ta manta da ranar Asabar ɗin nan ba.