Kujera Biyu

Sana'ata tuƙi ce. Ina jan ɗaya daga cikin ƙananan motocin hayar nan da ke ɗibar ma'aikata daga Jikwoyi, su bi ta Nyanya, su sauke su a Garki. Mutum huɗu muke zubawa a baya, biyu a gaba, ban da direba. Wanda ya ƙera motar mutum uku ya yi wa wuri a baya, amma mu ba ruwanmu da wanda ya ƙera ta. Don haka abin da direba ke fara koya a hanyar nan, tun kafin ya san ramukan titi, shi ne auna mutum da ido. Kana tafe a hankali, jama'a sun jeru a bakin hanya suna ɗaga hannu, kai kuma kana zaɓe kamar mai sayen rago. Wannan siriri ne, ya shigo. Waccan faɗi gare ta, a wuce ta. In ta biyo motar da gudu tana roƙo, sai ka leƙo ka ce, "Madam, sai dai ki biya kujera biyu."

Na yi suna a tasharmu da wannan ido. Har cika baki nake cewa idona ya fi sikeli. Ban taɓa zama na lura cewa faɗin mutum kawai nake gani ba, nauyinsa kuwa ban san komai a kai ba. Motar ma ta sha gaya mini. Wata rana zan ɗebi samari huɗu sirara, bayanta ya zauna har tana gogar ƙasa a tudun rage gudu. Wata rana in ɗauki matan kasuwa masu manyan zannuwa, ta tafi sumul. Sai in ce sifirin ne ya gaji.

Matata gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa da cikar kumatu. Haka ginin gidansu yake, daga uwarta har ƙannenta, kuma haka na gan ta a Zariya na ce ina so. Da ta haifi 'yarmu ta fari, gwaggonta ta zo ta zauna da mu a ɗakinmu na haya, ta yi mata wankan jego, ta ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama da yaji kamar yadda ake yi wa kowace mai jego. Da aka yi arba'in gwaggo ta koma gida. Aka bar ni da mai shayarwa da jaririya, ni da ban san komai ba sai sitiyari.

Wata safiya na ɗauko su zan kai su awon jarirai. Tana gaba, yarinyar na cinyarta. Na biya ta tasha don in cika bayan motar. Wani abokin aikina, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya leƙo ta taga ya gaishe ta, sannan ya juyo gare ni ya ɗaga murya.

"Oga, wannan ai kujera biyu ce! Kada ka ce don ta gida ce ka yi asarar gaba."

Tasha ta ɗauki dariya. Namiji mai mutunci da sai ya fito ya ce masa kul. Ni kuwa dariyata ta fi ta kowa ƙarfi, har da dukan sitiyari, don kada a ce na ji haushi. Ita ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar hula. Ƙazantar ba ta tsaya a tasha ba. Na naɗo sunan nan na kawo shi cikin ɗakina.

"Kujera Biyu, a kawo mini ruwa."

"Kujera Biyu, a sassauta wa kwanon nan, ba gudu zai yi ba."

Da farko tana murmushi ta ce, "Maigida, Allah ya shirye ka." Daga baya ta daina cewa komai. In ta kai loma baki idona na kanta. In ta miƙa hannu za ta ƙara miya sai in yi tsaki. Ni kuwa kafin in shigo gidan na riga na zauna a rumfar mai abinci a tasha, na share teba da miyar agushi da ganda, na kora da lemo mai sanyi. Da ƙoshina nake zuwa in zauna ina gadin bakin matar da ke shayar da 'yata.

A kasuwar Garki na ga wani mai sayar da ganyen shayi na rage ƙiba. A jikin kwalin akwai hoton mace biyu, ɗaya kamar randa, ɗaya kamar sillen kara, wai mutum ɗaya ce. Ban tambaye shi ko mai shayarwa tana sha ba, shi ma bai tambaye ni wa zai sha ba. Na kawo na ajiye mata. In ta dafa shi ɗakin gaba ɗaya sai ya ɗauki wari kamar an tone kwata. Ta toshe hanci ta shanye, ina tsaye. Ba a jimawa cikinta zai fara ƙugi, ta ajiye yarinyar ta fita da buta. Gidan haya ne, banɗaki ɗaya muke bi mu duka. Sai ta je ta tarar da layi, ta tsaya tana murƙususu a gaban maƙwabta, zufa na keto mata. Ni ina daga ciki ina cewa a raina magani na aiki.

Awon ma ta daina zuwa. Ta ce ba ta son shiga mota. Ban tambaye ta dalili ba, don na san shi.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata dattijuwa Kirista, 'yar Filato, da duk gidan ke kira Mama. Kifi take sarowa a Kado ta ƙyafe ta sayar. Ita ce ta fara tare ni a bakin ƙofa, wata rana da yamma ina shigowa.

"Oga direba, tsaya. Matarka ba ya cin abinci fa. Yarinya yana kuka tun safe, nono babu."

Na yi dariya. Na ce, "Haba Mama, ki dube ta da kyau mana. Wannan ce ba ta cin abinci?"

"Ni na duba. Kai ne ba ka duba ba."

Na wuce ta ina cewa a raina tsohuwa ta cika shisshigi. Da ta aiko da farfesun kifi, na ce a mayar mata, mai ya yi yawa. Kukan yarinyar kuwa na ɗora shi a kan zafin gari, na ɗora shi a kan ciwon ciki irin na jarirai. Kumatun uwarta ta ɗauko, ga hula ga safa ga shawul, duk wanda ya kalle ta sai ya ce tubarkalla. Idona ya gaya mini lafiyarsu ƙalau su biyun, ni kuma ban taɓa ƙaryata idona ba.

Wata ranar Asabar ban fita da wuri ba, ina wanke mota a ƙofar gida, sai na ji ihun Mama daga tsakar gida. Na shiga da gudu. Matata ce kwance a gindin famfo, bokiti ya kife, ruwa na bin ƙasan zaninta. Idonta a buɗe amma ba ta san inda take ba.

Na durƙusa zan ɗauke ta. Na kafa ƙafafuna, na tattara ƙarfina, na riƙe numfashi kamar yadda nake yi in zan jefa buhun shinkafa a but ɗin mota. Na ɗaga da dukkan ƙarfin nan, sai ta taso mini ba nauyi, har na yi taga-taga da baya kamar zan faɗi da ita. Hannuna da ke bayanta ya ji ƙasusuwan haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya ta cikin rigar. Ban san ranar da na yi wa matar nan riƙon da zan ji haka ba. Kallonta kawai nake yi, daga nesa, kamar fasinja a bakin titi.

Mama ta saɓo yarinyar, muka tafi asibitin unguwa. Aka yi wa matata ƙarin ruwa. Da ta ɗan dawo hayyacinta, nas ɗin, wata mace mai shekaru da tabarau a kan hanci, ta tuɓe wa yarinyar hula da safa da shawul ta ɗora ta a sikelin jarirai. Nan na ga 'yata tsirara a cikin haske. Kumatun na nan. Cinyoyin kuwa fata ce ta yi tamoji, wuyan kamar na ɗan tsako. Nas ta ce yarinyar da ya kamata a ce tana ƙaruwa, raguwa ta yi tun zuwansu na ƙarshe, kuma in aka ci gaba a haka ba za a daɗe ana maganar awo ba.

Ta juya ga matata. "Maman bebi, me kike ci?"

 Ko a nan matata ba ta tona ni ba. Mama ce ta buɗe jakarta ta fito da kwalin shayin, ashe ta ɗauko shi, ta ajiye a kan tebur, ta kwashe labarin duka ta faɗa, har da sunan da nake kiran matata da shi. Matan da suka zo awo suna zaune a benci suna ji.

Nas ta shinshina kwalin ta yamutsa fuska ta jefa a kwandon shara. Ta sa aka riƙo matata ta hau babban sikelin, ta duba. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Baban bebi, bismillah. Hau."

Na ce, "Ni ai lafiyata ƙalau, Sista."

"Na ga alama. Hau dai."

Ni dogo ne, kuma kullum cikin kaftani nake, duk tasha siriri suka ɗauke ni, ni ma haka na ɗauki kaina. Na cire takalmi na hau. Allurar ta wuce inda ta matata ta tsaya, ta ci gaba da tafiya kamar ba za ta tsaya ba. Na fi ta da abin da ya kai rabin buhun siminti.

Wata daga benci ta ce, "To Malam, kai kujera nawa kake biya?"

Suka fashe da dariya. Irin dariyar tasha ce sak. Matata kaɗai ba ta yi ba.

Da na koma gida ɗauko musu kaya, na cire kaftanin na tsaya gaban madubin jikin kwabarta. Tumbi ne kamar an kifa ƙwarya, a kan ƙafafu irin na zalɓe. Duk teba da gandar tasha ga su nan a jibge, yadi ya rufa musu asiri. Wannan jikin ne ke zama yana tsaki in mai shayarwa ta ƙara miya. Na ji ƙyamar kaina irin wadda mutum ke ji in ya taka kashi da ƙafa ba takalmi, kuma har yau ba ta gama barina ba.

An yi duk abin da ake yi don nono ya dawo. Kunun gyaɗa, kunun kanwa, farfesun kifin Mama da na taɓa korewa, yanzu ni ke zuwa ƙofarta da kwano. Nonon ya ɗan dawo, amma bai ƙara isar yarinyar ba. Da madarar gwangwani aka ƙarasa rainonta. Allah ya taimake mu ta murmure, ga ta nan yanzu tana gudu a tsakar gida tana jan zanin Mama. Amma nonon uwarta da Allah ya ba ta haƙƙinsa, ni na yanke mata shi, saboda wani mai ƙaton baki ya yi wasa a tasha na ji kunya.

Na roƙi matata gafara, ta ce ta yafe, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Sunan nan bai ƙara fita daga bakina ba. Wanda ya fara faɗinsa ma mun daina gaisawa, ko da yake na san laifinsa bai kai nawa ba, shi sau ɗaya ya faɗa. Idon nan nawa dai bai mutu ba. Har gobe in ina tafe a hanyar Nyanya, kafin in ankara ya riga ya auna duk wanda ke tsaye. Sai dai yanzu ina tsayawa in ɗauki wadda ya ce a wuce, in zuba uku a baya in tafi, 'yan tasha na cewa oga ya zama ɗan agaji.

Abu ɗaya ne na kasa gyarawa. Matata ba ta cin abinci a gabana. In na shigo tana ci, sai ta rufe kwanon ta ce ta ƙoshi. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, na juya mata baya na ce to ga shi ba na kallo. Sai ta yi murmushi ta ce, "Maigida, ci naka kada ya huce."

Jiya na sauke fasinja a Kado, na tsaya na sayi tarwaɗa manya guda biyu masu rai, irin waɗanda take so. Ta dafa su da attaruhu da citta, ƙamshi ya cika gidan. Ta shimfiɗa mini tabarma ta ajiye nawa. Na ce ta kawo nata mu ci tare, ko yau kaɗai. Ta ce to. Ta zuba a ƙaramin kwano, ta tsaya riƙe da shi jim kaɗan a bakin ƙofa, sannan ta ɗaga labule ta tsallaka ɗakin Mama. Ina zaune ina jin ƙarar cokalinta daga can, har nawa ya huce.