Takun Yaya

Ni dai bazara ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Da zafi ya kankama a Matameye sai in zama kamar kaza mai kwanci: a yi mini magana in harari mutum, a ƙyale ni in ce an share ni. A lakwal ma, makarantarmu ta boko, ba na jin abin da mushe, malaminmu, yake faɗa, ina ta kallon taga. Inna ta ce shekarun ne, wai kowace budurwa sai ta bi ta nan. Ni kuwa na san abin da ke cina. Yaya nake jira.

Shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Kowace shekara, da an kai hatsi rumbu sai ya tafi cirani Kano, ya dawo kafin shuka. Bai taɓa faɗin ranar dawowa ba. Cewa yake yi, "Ki riƙa duba gawon gonarmu. Ranar da ya fara zubar da ganye, ki ce wa Inna ta ƙara tsaba a turmi." Gawo itace ne mai taurin kai. Duk rani yana kore shar, sai damina ta matso, kowa na shirin yin ganye, shi kuma ya tuɓe nasa. Saboda haka in an tashi lakwal sai in zagaya ta hanyar Tsauni, cikin wannan rana, don kawai in ɗaga kai in dube shi.

Shuka tamu ce mu biyu. Shi yana gaba da sungumi yana sara rami, ni ina biye da ƙwaryar iri, in jefa, in rufe da diddige. Yaya dogo ne, takunsa kamar na raƙumi. Ina ƙarama sai na haɗa da gudu, yana waiwaye yana cewa, "Gajera, ko in goya ki ne?" In yi fushi, in ce ba zan sake binsa ba, washegari in riga shi fita. A hankali ƙafata ta koyi takunsa, har na kai ina shuka ba na duban ƙasa.

A shekarar da nake faɗa, gawo ya zubar da ganye tas. Ranar kasuwa na je na tsaya gefen tasha. Mazan mutane suna ta saukowa daga mota, wannan da katifa, wancan da rediyo, yara suna rige-rigen ɗaukar kaya. Na koma gida na huce a kan akuyar Inna. Wata kasuwar ma haka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yana watsewa.

Sai wata la'asar salular Baba ta yi ƙara. Muna tsakar gida, muna jin muryar Yaya sama-sama. Ya samu aikin tsaron shago, in ya taho wani za a ba. "Bana ku yi haƙuri, Baba." Baba ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Aka miƙo mini wayar, na ce hannuna da kullu. Na tashi na shige ɗaki.

Da ruwan shuka ya sauka, Baba ya ɗauko sungumi da kansa, shi da gwiwa ta daɗe da hana shi noma. Na ɗauki ƙwarya na bi shi. Ƙasa na ƙamshi, gonaki sun cika da mutane, ni kuwa zuciyata ba daɗi. Ina jefawa, ina rufewa, ban duba ba.

Mun kai ƙarshen layi Baba ya juya don ya huta, sai ya tsaya yana kallon bayana. Na waiwaya. Ramuka ne a buɗe, jere, na rufe ɗaya na tsallake ɗaya. Inda babu rami kuma ga irin a zube a kan ƙasa, tsuntsaye har sun fara sauka.

Bai yi faɗa ba. Ya dogara da sungumin, ya ce, "Rage taku, uwata. Ni ne a gabanki."

A nan kukan da na riƙe tun ranar wayar ya ƙwace mini. Muka koma farkon layin, na bi shi a hankali, ina duban ƙasa. Yaya yana Kano har yau, da mata da ƴaƴa, yakan zo da Sallah. Bai sake zuwa shuka ba.