Gwaggo Tabawa Mai Kai Ƙarar Kanta

Duk ranar Asabar da hantsi, in ka ga Gwaggo Tabawa ta ɗaura zanenta na saƙi, ta ɗauki sanda ta nufi gidan Malam Ishaya mai bishara, to ƙara za ta kai. Ku da kuka san ta kun san wadda take kaiwa ƙara: ita kanta. Tun da nake ban taɓa ganin mai tsoron zunubi irinta ba, ban kuma ga wanda ya gajiyar da dattawan ikilisiya kamarta ba. Yayar babana ce, kuma ba don ita ba da yau ba a cikin ikilisiya za ku same ni ba, don akwai shekarar da saura ƙiris in fice in bar ta har abada. Zan zo kan wannan, amma sai mun fara tuna halin tsohuwar.

Zamanin En'e ne, mu Kiristocin ƙauyenmu a ƙasar Roni ko majami'armu ta laka ba ma cikawa. Dukanmu 'ya'yan Maguzawa ne da muka tuba, dattawanmu kuwa ba sa wasa da horo. In mutum ya yi laifi a fili, sai a faɗa a gaban jama'a, ya koma dakalin baya kusa da ƙofa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da Fasto ke rabawa, sai wa'adinsa ya cika. Kowa gudun dakalin nan yake yi. Gwaggo kuwa kullum nema take a kai ta, dattawa suna hana ta.

Na tuna ranar da akuyar maƙwabta ta cinye mata garin da ta shanya, ta ce wa akuyar Allah ya haɗa ta da kura. Asabar na yi ta je ta durƙusa gaban Malam Ishaya, ta ce ta yi mugun baki, a sa ta a horo. Malam ya danne dariya ya ce ba a horo a kan akuya, ta je ta yi addu'a ya wadatar. Ta tashi ba da son ranta ba. Kwana huɗu tsakani kura ta sauko daga duwatsu ta ɗauke akuyar nan, ita kaɗai cikin garke. Gwaggo ba ta jira Asabar ba, ta isa gidan Malam da igiyar akuyar a hannu ta ajiye masa.

«Malam, ga abin da ka ce ba komai ba ne.»

Daga nan ta wuce ta kunce 'yar akuyarta ta kai wa maƙwabtan, ta kuma hana kanta nama har wata guda, tun da dattawa sun ƙi yin aikinsu.

Matasa ba su sani ba, amma kafin ta tuba babu mai dafa giya kamarta daga nan har garin Gwiwa. Da za a yi mata baftisma, dattawa suka ce sai ta fasa babbar tukunyarta. Ta ce ba za ta fasa ba. Ta tambaye su yaushe tukunya ta taɓa bi gida gida tana kiran mutane su zo su sha. Ta ce ita ce mai laifin, kuma ita ba fasa ta za a yi ba, wanke ta za a yi. Dattawa suka bar mata tukunyarta. Kwana bakwai tana darje tukunyar da toka, sannan ta girke ta a ƙofar majami'a ta zama randar ruwa. Wata rana Baturen mishan ya zo a kan babur, ya sha, ya yaba sanyin ruwan. Gwaggo ta ce masa da hausarta garau, tukunyar nan ta kayar da maza fiye da yawan waɗanda ya taɓa yi wa wa'azi, amma yanzu ta tuba. Sai da Bature ya sake leƙa cikin moɗar da ke hannunsa.

Sai kuma zancen nono. Akwai ƙawarta Dudu, Bafulatana Musulma, da ke biyowa ta ƙauyenmu da ƙwarya. Gwaggo ba ta ciniki ranar Lahadi, amma tana son fura da nono bayan an tashi daga majami'a kamar me. Sai suka shirya tsakaninsu: ranar Lahadi Dudu ta ba ta nono kyauta, ranar Litinin ita kuma ta ba Dudu gero kyauta. Shekara biyu ana wannan kyauta, har ranar da Malam ya yi wa'azi a kan masu yi wa Allah wayo. Tun bai kai amin ba Gwaggo ta fara zufa. Ta kai ƙarar kanta, ta ce ashe shekara biyu tana cin kasuwa ranar Ubangiji ta sake mata suna. Dudu da ta ji labari ta ce ita ba ta gane addinin da ke faɗa da nono ba. Daga ranar ta koma kawowa Asabar, Gwaggo na shansa da tsami ranar Lahadi tana yatsina fuska, tana cewa hakan ya fi mata daɗi a zuciya.

To ga tawa, ni Jatau. Lokacin na yi aure har da 'ya'ya biyu, kuma ni nake ba da waƙa a majami'a. Babana ya rasu bai tuba ba. Ranar bakwai dangi suka dafa giya kamar yadda aka gada, kuma a al'adarmu babban ɗa ne ke fara zuba wa ƙasa, ya kurɓa, sannan ƙwarya ta zaga. Na ce a raina kurɓa ɗaya ce saboda tsoho. Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙwarya uku na sha. Kafin la'asar ina tsaye a tsakar gida ina rera wa Maguzawa waƙar majami'a, da muryar da aka ji har gidan Malam Ishaya.

Lahadi aka karanta laifina, aka yanka mini wata shida. Tafiyar nan daga gaba zuwa dakalin baya ba ta fi taku goma ba, amma ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Ina zama Gwaggo ta miƙe daga sashen mata ta ce tana da magana. Ta ce ranar tana wurin, ta ga ƙwarya ta nufo hannuna, ba ta ce uffan ba. Malam ya ce wataƙila ta ji nauyin dangi ne. Ta ce a'a, kada ya gyara mata.

«Ƙamshin giyar nake shaƙa, Malam, ina cewa a raina wadda ta dafa wannan ba ta iya ba, da ni ce da ba haka ba. Ɗan ƙanena yana faɗuwa, ni ina can ina alfahari da tsohuwar sana'ata. Wannan ba akuya ba ce.»

Wasu suka fara dariya, suka dubi fuskarta suka haɗiye dariyar. Malam ya ce ba a horo a kan abin da ke cikin zuciya, wannan tsakaninta da Allah ne. Ta ce ta ji. Ta ɗauki sandarta, ta tako har baya ta zauna kusa da ni, ta ce in matsa, na cinye wurin.

Duk da haka kunya ta hana ni sakat. A gona mutane su gaishe ni da waƙar da na rera, dangi kuma su ce tun da an mayar da ni baya, ai sai in komo gida gaba ɗaya. Na yanke shawarar in tafi Babura in bi masu kora shanu, inda ba wanda ya san ni, ba majami'a ba dakali. Da safe ina ɗaure kaya sai ga ta. Na zaci wa'azi za ta yi, amma ko zama ba ta yi ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, sai dai in sani zaman da ta fara za ta ƙarasa shi, wata shida, ita kaɗai, duk wanda ya tambaya ta ce tana tsaron wurin Jatau ne. Na ce mata ai ni an riga an kore ni. Ta ce:

«Wanda aka kora ba a ajiye masa wurin zama, Jatau. Kai an ajiye maka, a baya ne kawai.»

Na kunce kayana. Gaskiya ba tsoron Allah ne ya fara riƙe ni ba, kunyar tsohuwar nan ce. Tsoron Allah daga baya ya zo, a kan dakalin nan, ina kallon mace mai ciwon gwiwa tana zaune inda rana ke bugawa, kan laifin da ba wanda ya gani sai ita. Fasto yakan zo daga Roni a kan keke lokaci lokaci don Jibin Ubangiji. Da ya zo aka miƙa mata gurasa, tun da ita ba a horo take ba, sai ta naɗe hannuwanta cikin zane. Ku kun san yadda take ɗokin ranar nan, tun jajibiri take wanke kai. Na sunkuyar da kaina, ban iya dubanta ba.

A wata na biyar ciwo ya kwantar da ita, har ta daina cin tuwo. Fasto ya zo, ya dube ta, ya ce a kawo gurasa da ƙoƙo ɗakinta, don ba lalle ta kai zuwansa na gaba ba. Ta buɗe ido ta tambaya ko wa'adina ya cika. Aka ce saura wata guda. Ta ce to saura wata guda, ta juya fuska bango. Na durƙusa ina kuka kamar ba magidanci ba, na roƙe ta kada ta tafi gaban Ubangiji da yunwar nan saboda ni. Ta ce in daina jiƙa mata tabarma.

Fasto da dattawa suka fita gindin kuka, suka kira ni suka yi mini tambayoyi a kan tubana, na amsa da abin da ke zuciyata. Malam Ishaya, wanda bai taɓa rage wa kowa ko kwana ɗaya ba, shi ya fara cewa a yafe mini sauran wa'adin. Muka koma ɗaki aka gaya mata. Kun zaci murna ta yi? Ta ce an rage wa yaro wata guda don a faranta wa tsohuwa, wannan ai son kai ne, kuma da tana da ƙafa da ta kai ƙararsu. Fasto ya ce mata ba son kai ba ne, alheri ake kiransa, kuma ita ma da shi aka karɓe ta. Sai ta ce:

«To a fara ba shi, in gani da idona.»

Aka ba ni. Ta zuba mini ido har sai da ta ga na haɗiye, sannan ta buɗe tafin hannunta. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Na yi shekaru ina dattijo a ikilisiyar nan, na zauna a kan maganar horon mutane da yawa, kuma har yau in za mu yanka wa wani wa'adi gabana faɗuwa yake, don na san abin da wata ta biya kafin nawa ya zama gyara maimakon rabuwa. Ya Ubangiji, ka san baiwarka Tabawa fiye da mu. Ka hutar da gwiwoyinta, ka zaunar da ita kusa da kai, ka kuma ba kowane wanda ya faɗi a cikinmu mai zama a gefensa har ya tashi. Amin.