Baba Joel, Wanda Ya Maido wa Mika Muryarsa

Da ƙarfe bakwai na safe Baba Joel yake buɗe rumfarsa ta gyaran rediyo, a bayan inda masu babur ke lodin Wasagu. Ya share teburi, ya jera sukundirebobinsa, ya jawo wani tsohon tulu da ya liƙa wa sifika a baki, sannan ya zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe, idanu sun gaza. Na tambayi mutum goma a cikin Zuru ko sun san da maganar, takwas suka ce, "Wane Joel? Mai tulun nan?"

Mai tulu! Iyakar abin da muka sani game da shi ke nan, kuma ko kunya ba mu ji ba.

Mu mutanen jita ne. Babu majami'ar da ba ta da makaɗi, gidajen sojoji kuwa da wuya ka rasa wata rataye a bango. Muna ɗaukar kiɗanmu a kaset cikin ɗaki, ya fito siriri kamar kukan sauro, sai ka manna kunne da rediyo kafin ka ji. Me muke cewa? "Haka na gida yake, mai kyau sai Kaduna." Da wannan maganar ta ragwaye muka rufe bakin kowa, alhali maganin yana zaune a bayan tasha.

Ga abin da ya faru a gabana cikin watan jiya. Gladys, mai ɗinki a unguwarmu, matar soja ce. Mijinta Mika, kafin a tura shi aiki ƙasar waje a 1995, ya zauna da jitarsa ya ɗaukar wa ɗiyarsu Keziah waƙa a kaset, tana 'yar shekara uku. Bai dawo ba. Kaset ɗin nan guda shi ne duk abin da ya rage na muryarsa, kuma abin da ke ciki abin takaici ne: jita kamar ana kaɗa waya, murya siririya, da sauri, can ƙasa-ƙasa. Keziah ta girma tana zaton muryar ubanta ke nan. Gladys takan ce ba haka yake ba, har ta fara shakkar kanta. Ga zaren kaset ɗin ya tsufa, sau biyu rediyo na tauna shi. An kai wa masu kwamfuta a birni, suka ƙara ƙarfin sauti, sai ƙarar "shuuu" ta taso ta danne mutumin gaba ɗaya.

Da Gladys da Keziah suka kawo wa Baba Joel kaset ɗin, bai saurara ya kai minti ɗaya ba ya kashe.

"Maman Keziah, ranar da ya yi ɗaukar nan, sabon batir ya sa?"

Gladys ta yi dariya. "Sabo? Baba, Mika fa! Mutumin da ke shanya batir bisa kwano kamar kuɓewa?"

"To, kuɓewar tasa ce ta yi mana wannan aiki."

Na tsaya baki buɗe. Wa ke cikinmu bai taɓa shanya mataccen batir a rana ba? Ashe yakan farfaɗo ne kawai ya kunna rikoda, amma ba ya iya jan zare yadda ya kamata. Zaren ya tafi a hankali, sautin ya shiga da rauni. Ranar da aka sa shi a lafiyayyen rediyo sai ya ruga da gudu, babban mutum ya koma yaro, jita ta rasa cikinta. Shekara goma sha ɗaya iyali na kuka a kan batir biyu!

Ya kwance bayan rikodarsa, ya ɗora sukundireba a kan wani ɗan ƙusa mai saita gudun zare. Ya haɗa waya zuwa injin ƙara sauti da ya harhaɗa da hannunsa, daga nan zuwa tulu.

"Ni ban riƙe muryarsa ba," in ji shi. "Ke ce ma'auni. Zan juya a hankali. In kin ji mijinki, ki tsayar da ni."

Ya fara juyawa. Waƙar ta rage gudu. Jitar ta yi kauri, tulun ya ba ta ciki. Muryar ta yi ta saukowa, ta yi ta saukowa.

"Tsaya, Baba! Tsaya nan!"

Gladys ta dafe teburi. Keziah ta dubi tulun, ta dubi uwarta. "Mama, shi ne?"

Kafin ta amsa, waƙar ta ƙare, sai ga wata magana da ba wanda ya taɓa ji, don da can ta nutse cikin ƙara. Murya mai nauyi ta ce, "Gladys, rufe ƙofar nan mana, akuyarki za ta shiga cikin waƙata."

Gladys ta zauna a ƙasa, dariya da kuka lokaci ɗaya. "Shi ne. Har da rashin kunyar tasa."

Nan take Baba ya juye waƙar a sababbin kaset uku, ya ce a ɓoye na asalin.

Baba Joel, kai ne mai kunnen da bai tsufa ba. Kai ne ka yi shekaru kana faɗa wa makaɗanmu su sa sabon batir, su matso da rikoda taƙi ɗaya daga jita, su kuma daina cusa ta cikin ramin jitar, suna jin ka suna wucewa. Mun gode, kuma ka yafe mana jinkirin godiyar.

Ku kuma 'yan'uwana masu takardu, da ke zaune kuna jiran a kawo mana gyara daga Kaduna: na tambaye shi mutum nawa suka zo koyon wannan aiki cikin shekara talatin da ɗaya. Ya ɗaga kai, ya yi tunani, ya ce, "Ba ko ɗaya."

A akwatunan gidajenmu akwai irin Mika da yawa, suna rera waƙa da muryar da ba tasu ba. Saura kwana goma sha tara ya rufe rumfa. Bencin da ke gefensa babu kowa a kai, kuma ƙarfe bakwai yake buɗewa.