Jan Keken Abednego Mai Zuma

A Birnin Gwari in ka ce Abednego kawai, sai a tambaye ka wanne, don akwai wani tela mai wannan suna a bayan tasha. Sai ka ce mai zuma. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ya ba hamsin baya, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun faɗowar da ya yi daga bishiyar ɗorawa yana saurayi.

Mahaifinsa daga wajen Kachiya ya zo neman gona, ya samu a wani ƙauye a yankin Kazage. A can aka haifi Abednego, ya tashi yana jin Gwaranci kamar yadda yake jin Hausa. Wani tsoho maƙwabcinsu ya koya masa saƙa amya, yadda ake yaɓe ta, a turara ta, a ɗaure a reshe a jira ƙudan zuma su shiga. Karatunsa bai wuce firamare ba. Da damina yana noma masara kamar kowa, amma zuma ce ta yi masa aure, ta rufa masa ɗaki da kwano, ta saya masa babur.

Shekarar da daji ya lalace, 'yan bindiga suka tare shi a hanyar kasuwa suka karɓe babur ɗin, ya koma gida da ƙafa. Ba a daɗe ba ƙauyen ya watse. Shi da matarsa Sabina suka kwaso abin da zai ɗauku suka kama haya a cikin gari. Sabina ta kafa kaskon awara a bakin titi, da shi suka ci, da shi 'yarsu Praise ta ci gaba da karatun kiwon lafiya a Kaduna. Abednego kuwa ya yi leburanci, ya yi gadin shago, bai ji daɗin ko ɗaya ba.

Da abubuwa suka ɗan lafa, mutane suka fara leƙa gonakinsu su dawo kafin yamma, sai hankalinsa ya koma kan amyoyin da ya bari a bishiyoyi. Tafiyar ta fi ƙarfin ƙafa, balle tasa. Babur kuma ko da yana da halin saye ba ya so. Ya ce wa Sabina ƙarar babur a daji kira ce, ga man fetur ya yi tsadar da zumar ba za ta biya ba. Keke yake so.

Ya tafi wurin Malam Mamuda, mai gyaran keke da ke da rumfa a gindin dalbejiya kusa da kasuwa. Sun san juna tun a ƙauye, Mamuda ya girme shi.

"Baban Praise, in keke za ka saya, sayi baƙi irin na iyayenmu," in ji Mamuda. "Ko jikanka zai hau shi."

"Malam, baƙin keke ba zai hau min tudun nan na bayan rafi da jarkoki ba. Ƙafar ba za ta iya ba. Mai giya nake so, irin wanda ake sassauta masa taki a kan tudu."

"To ka yi haƙuri in sa a nemo maka na gwanjo a Kaduna. Ya tsufa, amma ƙarfensa ƙarfe ne."

Da Mamuda ya faɗi abin da na gwanjon zai ci, Abednego ya ga ya fi ƙarfinsa. Ya kusa ninka abin da ke hannunsa, kuma lokacin ɗiban zuma ya matso. Kwana kaɗan bayan haka ya turo wani sabon keke ja zuwa rumfar, ko ledar jikinsa ba a ɓare ba. A wani shago ya saye shi, irin masu araha da ake jerawa a waje. Tayoyinsa masu kauri ne da ƙuraje, ga sifirin mai shanye gargada a gaba, ga giya rututu a baya, ga wani suna a jiki da ba wanda ya taɓa ji.

Mamuda ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Ya juya ƙafar baya, ya ga tana ɗan lilo. Ya matsa birki, ƙarfen ya lanƙwasa a hannunsa kamar cokali.

"Yaya ka gani?" Abednego ya tambaya.

"Fentin yana da kyau," in ji Mamuda. Ya ɗauko sifana ya fara ɗaure notunan, don rabinsu da hannu aka murɗa.

Babu kariyar ɗora kaya a keken, babu ma wurin ɗaura ta. Aka kai wa mai walda ya haɗa wata da rodi ya liƙa a bayan sirdi. Da haka Abednego ya fara shiga daji.

A fitarsa ta farko feda ɗaya ta tsage, don roba ce. Ya dawo yana taka sandar ƙarfen da ta rage har ta huda masa takalmi. Mamuda ya sa masa ta ƙarfe. A mako na gaba ƙaya ta shiga tayar baya, washegari ta gaba, sai ya gane kaurin tayoyin na ido ne kawai, cikinsu sirara ne kamar fatar albasa. Robar birki ta cinye kafin wata ya ƙare. Sirdin ma ya karkace, ya riƙa sauka daga keke yana tafiya a tattale.

Sabina ta ce, "Baban Praise, keke ka saya ko majinyaci?"

Ya yi dariya, amma abin ya dame shi. Ya koma wurin Mamuda ya ce ko dai ya sayar ya huta. Mamuda ya ce wanda zai saya yanzu rabin kuɗi ma ba zai ba shi ba, tunda ya riga ya shiga, ya bi shi a hankali.

"Kada ka canja abu don ya yi maka muni. Fara da abin da ke taɓa ƙasa da abin da ke tsayar da kai. Taya da birki. Sai ƙafar baya, ita ke ɗaukar zumar. Sauran ka bar su sai sun mutu."

Haka aka yi. Duk lokacin da ya sayar da zuma sai ya ware wani abu. Ya sa tayoyi masu nauyi. Aka sauya hannun birki da waya. Aka warware ƙafar baya gaba ɗaya aka sake saƙa ta da wayoyin sifok masu kauri. Sifirin ɗin gaba, wanda tun farko shi ya fi ɗaukar masa ido, damina ɗaya ta cika shi da laka ya daskare, ya zama nauyi kawai. Mamuda ya cire shi ya sa ƙarfe miƙaƙƙe, keken ya yi sauƙi. Abin murɗa giya ya karye, aka sa masa wani tsoho na ƙarfe da ake turawa da babban yatsa. A cikin giyoyin nan masu yawa, uku kawai yake amfani da su: ta hawa tudu, ta miƙaƙƙiyar hanya, da ta yashi.

Shi ma ya koyi abin da ba ya jiran a kai rumfa. Yana ɗaure famfo da kayan faci da sifana a cikin tsohuwar safa a ƙarƙashin sirdi. Ya iya mayar da sarƙa, ya iya shafa giris. Wasu amyoyin ya same su sun ruɓe, wasu an sace, amma da yawa suna nan cike. Ya saƙa sababbi. Zumarsa ta dawo kasuwa, masu saye daga Funtuwa suka sake nemansa.

Wata rana da hantsi, yana dawowa da jarkoki biyu, ya sauko bakin rafi sai ya ga wasu samari a inuwar maje da bindigogi a cinya. Ba halin juyawa. Ya sauka, ya yi musu sallama da Hausa, ya ƙara da 'yar Fulatancin da ya sani. Suka tambaye shi babur, ya ce ba shi da shi. Suka tambayi waya, ya miƙa musu ƙaramarsa mai fasasshiyar fuska, suka duba suka mayar masa.

Ɗaya daga cikinsu ya ce a sauke kayan, ya hau keken. Ya taka da ƙarfi yana tura giya ba tare da ya san yadda ake yi ba. Sarƙa ta zame, ƙafarsa ta tafi a banza, ya kifa cikin yashi. 'Yan uwansa suka fashe da dariya. Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya harbi tayar da ƙafa.

"Baba, wannan tarkacen kake shigowa daji da shi?"

"Shi Allah ya ba ni," in ji Abednego.

Suka ɗauki jarka ɗaya, suka ce ya wuce. Abednego ya mayar da sarƙa, ya ɗaure jarkar da ta rage a tsakiya, ya tura keken ya haye rafin. Bai iya hawa ba sai da ya yi nisa. Sabina ba ta ji labarin daga bakinsa ba sai bayan kwanaki, ta yi kuka, ta ce ya bar dajin. Ya daina bin wannan hanya dai, ya koma zagayawa ta wajen Tabanni, ko da yake ta fi nisa.

A shekara ta uku keken ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, duk lokacin da ya taka da nauyi. Mamuda ya goge ƙurar ƙarƙashin sirdi ya nuna masa wani siririn layi a jikin ƙarfen, daidai inda aka liƙa kariya. Firam ɗin, wato gangar jikin keken, ya tsage. Aka yi masa walda. Mamuda ya ce ƙarfen ba shi da kauri, wuta na ƙara cinye shi, ya rage kaya. Abednego ya rage na mako biyu, da kasuwa ta yi kyau ya koma yadda yake.

A gangaren wata hanya mai duwatsu ƙarfen ya rabu biyu. Ya faɗi kan kafaɗarsa ta dama, jarka ɗaya ta fashe, zuma ta malale a kan tsakuwa, ƙudaje suka taru. Wani manomi mai amalanke ne ya kwaso shi da keken ya kawo bakin titi. Ƙashin wuyan kafaɗa ya karye. Ya yi kusan wata biyu da ɗori, ba ya iya sa riga da kansa.

A cikin jinyar ne Sabina ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce in aka haɗa abin da ya zuba wa jan keken nan, da tuni ya sayi na gwanjon da Malam Mamuda ya ce, har da canji, kuma da bai karye ba.

"Gaskiya ne, Maman Praise," ya ce. "Amma a lokacin ba ni da shi a dunƙule. Da na tsaya tarawa, da wa zai ɗebo zumar? Kuɗin jarrabawar Praise daga bayan keken nan ya fito. Laifina ɗaya, an ce in rage kaya ban rage ba."

Ta gyara masa matashi ta koma wurin kaskonta.

Da ya warke, Mamuda ya sa aka kawo masa firam na gwanjo tsirara, toka-toka, duk ya kankare, amma yana da ramukan ɗaura kariya ba sai an yi walda ba. Suka zauna a rumfa suna kwashe kayan jan keken suna mayarwa. Ƙafafun sun shiga, feda ta shiga, birki da abin giya ma haka. Sandar sirdi ba ta zauna ba, ta yi kaɗan, haka ƙarfen gaba da ya saya da tsada bai dace ba, dole aka nemi wasu. Abednego ya ji zafin wannan, don ya ɗauka duk abin da ya saya zai bi shi.

Bana Praise ta gama karatu, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauye. Ta zo gida ta ce tana so ta sayi keke, ta ga irin jan nan a shago, kuma shi ɗan kuɗin da ke hannunta zai iya.

"Baba, in saya ko kada in saya?"

Ya tambaye ta me za ta ɗauka. Ta ce ita da jakarta, wani lokaci da akwatin allurar rigakafi. Ya tambayi hanyar, ta ce ta jar ƙasa ce, ba duwatsu sosai. Ya tambaya ko za ta yarda ta koyi faci da kanta, ta ce za ta koya.

"To saya. Amma kada ki hau shi daga shago, ki turo shi rumfa a ɗaure shi tukuna. Ki sa a ranki taya da birki da feda ba naki ba ne, za ki sake saye kafin damina. Daga nan ki tsaya, kada ki bi shi da kayan tsada kamar yadda na yi. In kika ga aiki ya zauna, ki fara tara na gwanjo."

Sabina daga bakin murhu ta ce ita dai da za a ji tata, a jira a sayi mai kyau sau ɗaya. Praise ta dubi uwar, ta dubi uban, ta ce aiki ranar Litinin za ta fara, ba ta da lokacin jira.

Ranar Asabar ta sayo shuɗi. Abednego ya kifa shi a tsakar gida, sirdi a ƙasa, ya sa ta cire ƙafar baya da hannunta ta mayar. Ta ɓata farce, ta shafa baƙin mai a siket, sarƙa ta ƙi hawa. Yana zaune a kan turmi bai taɓa ba, sai dai ya ce mata ta ja ƙarfen giya baya da yatsa tukuna. A karo na gaba ta hau.