Jan Layin Hamidu

Yayana Hamidu ba ya shan ruwa a cikakken kofi. In ka miƙa masa sai ya zubar da rabi tukuna. Bokitin wanka ma haka, sai ya sa hannu ya auna daga baki zuwa ruwa, ya rage, sannan ya ɗauka. Mutanen unguwarmu a Gaya ta bakin iyaka suna cewa ya taɓu. Ni Zuwera, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, na ce ƙarya suke yi. Hankalinsa ya fi na masu faɗin.

A bakin kogin Isa aka haife mu, babanmu masunci ne. Hamidu bai gaji sana'ar kamun kifi ba, fenti ya koya, yana rubuta sunayen shaguna da addu'o'in bayan manyan motoci. Mutum ne mai tsabtar aiki, amma yana da ciwo ɗaya tun yana ƙarami: ba ya iya kallon idon babba ya ce a'a. Mahaifiyarmu tana alfahari da wannan kunya tasa. Allah ya jiƙanta, gara da ba ta ga inda kunyar ta kai shi ba.

Da aka rufe iyaka a 2023, mutane da kaya duk suka koma ruwa. Jirage suna ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu. Sai wata komin, wato ƙaramar hukuma, da ke gangaren kogi ƙasa da mu, ba zan faɗi sunanta ba don har yau can nake sayar da soyayyen kifi, ta kafa kwamitin sa ido a kan mashigarta. Suka ɗauki Hamidu. Aikinsa shi ne ya ja jan layi a jikin kowane jirgi, taƙi biyu daga baki. In ruwa ya taɓa layin, jirgi ba ya tashi sai an rage. Suka ba shi riga mai ƙyalli da usur. Kai, ka ga Hamidu a ranar, har tafiyarsa ta sake!

Wata uku abin yana tafiya daidai, sai ga Baba Yusufu, mai jirgi, aminin marigayi babanmu. Tare ya zo da wani konseye, wato kansila, na komin, ɗan kwamitin sa idon da kansa.

"Hamidu ɗana," in ji Baba Yusufu, "shekara arba'in ina kan ruwan nan. Layinka ya yi ƙasa, rabin kaya nake bari a tudu."

Konseye ya dafa kafaɗarsa. "Ka sassauta wa tsoho mana. Kwamiti ja yake dubawa, ba ya zuwa da ma'auni."

Hamidu ya goge layin, ya ja sabo a taƙi ɗaya. Ko dala bai karɓa ba. Wallahi da ya karɓa da na san abin da zan zage shi a kai.

Ranar kasuwa ce, bayan azahar. Salima, 'yar maƙwabciyarmu Inna Kadi, ta zo da buhunan albasa, ta bar 'ya'ya biyu a gida. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgin Baba Yusufu sai ta tsaya, ta waiwayo.

"Kawu Hamidu, jirgin nan bai cika ba kuwa?"

Ya ce, "Dubi layi, 'yata. Ruwa bai taɓa shi ba."

Ta duba, ta ga ja a saman ruwa, ta shiga. A tsakiyar kogi iska ta taso, ba ma wata babba ba, don jiragen da ke gaba da baya duk sun haye. Na Baba Yusufu ruwa ya shiga ta baki. Mutum tara suka tafi, har da shi tsohon. Salima sai bayan kwana biyu masunta suka same ta cikin ciyawa wajen Tunuga.

Komin ta turo mutum uku su yi anket, wato binciken abin da ya faru. Ɗaya daga cikinsu konseyen nan ne, don Allah ku ji rashin kunya! Hamidu ya yi wanka, ya sa wankakkiyar riga, ya ƙulle tabarma da buta, ya yi sallama da matarsa, don shi a ransa kaso za shi, ɗaure shi za a yi. Suka zauna ƙarƙashin mangwaro suna tambayar matuƙa ƙarfin iska. Har la'asar ba wanda ya kira shi. Ya miƙe da kansa.

Shugaban anket ya ɗaga masa hannu. "Zauna, Malam Hamidu. Mun ga jirgin da aka jawo, layinka yana nan. Kai ka yi aikinka."

Rahotonsu ya ce iska ce da ƙaddara. Hamidu ya dawo gida da ƙullin tabarmarsa, ya ajiye bayan ƙofa, ya kwana uku bai ci abinci ba.

Sau biyar ya je biro, wato ofishin komin, yana roƙon a rubuta maganarsa. Sakatare ya ce an rufe dosiye, takardun binciken sun kammala. A zuwa na huɗu aka ba shi lemo mai sanyi, aka ce ya je ya huta. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na tare shi a zaure na ce, "Yaya, ka rufa mana asiri. 'Ya'yanka biyar, an ce ba ka da laifi, me kake nema kuma?"

Ya ce, "Zuwera, kullum in azahar ta yi sai in ji ta tana tambayata ko jirgin bai cika ba. Kullum sai in ji na ba ta amsar nan."

Na ji tsoro, na kuma ji kunyar kaina. Ya mayar musu da rigar da usur, ya koma fentin shaguna, ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Bara bayan girbin shinkafa ya ce in raka shi gidan Inna Kadi. Muka same ta tana tankaɗe, jikokinta na makaranta. Ya durƙusa nesa da ita, ya faɗa mata komai, tun daga zuwan Baba Yusufu har tambayar Salima. Ba ta bar tankaɗen ba sai da ya gama.

"Na sani," in ji ta. "Matuƙa sun auna tun ranar da aka jawo jirgin. Duk mashiga an sani. Ina dai jira ne in ga ko akwai wanda zai buɗe baki."

Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

"Ban ce na yafe ba. Ka je ka gaya wa waɗanda suka sa ka aikin?"

"Sau biyar na je. Cewa suke in je in huta."

Ta karkaɗe garin hannunta. "To ranar Talata ka zo mu tafi tare. Ni dai ba za su ce mini in je in huta ba."

Ai kuwa sun ce mata ta je ta huta. Ita ma lemo suka ba ta, ta ajiye shi a ƙasa ba ta buɗe ba. Tun daga nan duk Talata suna can a bencin ƙofar biro, ita a wannan ƙarshe, shi a wancan, ba sa magana da juna. Konseyen nan yanzu ta ƙofar baya yake shiga. Wata goma sha ɗaya ke nan, ba a kira su ciki ba.