Kaluluwar Baba Inci

Shekara talatin da ɗaya Baba Inci ya yi yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don komai da inci yake auna shi. In matarsa ta zuba masa shayi, sai ya ce an rage masa inci ɗaya. Gwani ne a aikinsa, amma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ko hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, cewa zai yi kafaɗar mai rigar ce ta karkace.

Yana shekara sittin da bakwai wandunansa suka fara zamewa. Ya ce matarsa ce ke buɗa su wajen wanki. Sai kuma wuyan rigunansa ya fara shaƙe shi. Ya ce ita ce dai, ta sa sun tsuke.

"Haba Malam," in ji ta, "ruwa ɗaya, sabulu ɗaya, ya buɗa wando ya tsuke riga?"

Ya koma zargin tef ɗin awonsa, ya sayo sabo. Sabon ma haka ya ce: ƙugu ya ragu da inci uku, wuya ya ƙaru da ɗaya da rabi. Ranar da ya miƙa hannu zai sauko da yadi daga kanta, wando ya sauka gwiwa a gaban wani malamin makaranta da ya zo awo, washegari matarsa ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar matashiya ce, ba ta fi sa'ar 'yarsa ta biyu ba.

"Baba, me ke damunka?"

"Lafiyata ƙalau, 'yata. Amma wannan farar rigar taki, wanda ya ɗinka ta ya cuce ki a hammata."

Ta yi dariya, ta tambaye shi ko yana yawan gajiya. Ya ce shi bai san gajiya ba.

"Barci yake a kan keke," in ji matar. "Rannan da tambarin almakashi a goshi ya dawo gida."

"Zufa da dare fa?"

"Kaɗan."

"Kaɗan? Likita, kullum da safe sai na matse zanin gado. Maƙwabta sun ɗauka jariri muka samu."

Haka aka yi ta yi, likita na tambaya, shi yana musu, matar tana fasa ƙwai. Loma huɗu yake yi ya ce ya ƙoshi. Mura sau biyar cikin wata shida, da ɗan zazzaɓi mai zuwa ya tafi. Da aka tambaye shi ko wani a danginsa ya taɓa ciwon jini, sai ya ɗauko tarihin kawunsa da jaki ya harba. Da ƙyar aka dawo da shi hanya, ya tuna yayansa marigayi ya yi wata jinya da aka riƙa ɗibar jininsa.

Likita ta lalubi wuyansa da hammatarsa, ta danna cikinsa ta hagu.

"Wannan kaluluwar, tun yaushe?"

"Wata takwas. Ba ta ciwo. Ta fara kamar maɓallin riga, yanzu ta kai maɓallin kwat."

"Baba, yau ka ba ni amsa mai kyau."

Bayan sati biyu sakamakon jini ya fito. Likita ta ce wani nau'in kansar jini ne mai tafiya a hankali, fararen ƙwayoyin jini ne suka yi yawa. Su ne suka kumbura masa wuya da saifa, saifar kuma ta tokare ciki, shi ya sa yake saurin ƙoshi.  Matar Baba Inci ta kama bakin rigarsa ta riƙe. Likita ta ce mutane da yawa suna daɗewa da ita, wasu ma sa ido kawai ake yi musu, amma tasa ta nuna alamu, don haka zai fara shan magani.

"Dama ni ba na abu rabi-rabi," in ji shi.

Ya sha magani, ya sha mita, kaluluwa ta sace, ya koma kan kekensa. Sai dai ya ɗauko sabuwar ɗabi'a: duk wanda ya zo awo sai ya lalube masa wuya, ya tambaye shi ko yana zufa. Mutum goma sha ɗaya ya tura asibiti a shekarar farko. Goma lafiyarsu lau. Na sha ɗayan, mai gyaran agogo, an gano hawan jini gare shi, kuma har yau ya dage cewa zama kusa da Baba Inci ne ya sa masa.